Jiya na shiga gidan ofera a Alƙahira, na fito kamar an sauke mini buhu

Baban Hanan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana biyu kun ji ni shiru. Makon nan sai dai hamdala. Ranar Lahadi malamin da ke duba kundina ya dawo mini da babi na uku, wanda na shafe wata huɗu ina fama da shi, ya ce a sake daga tushe. Litinin da Talata a layin sabunta takardar zama na ƙare su. Ranar farko aka ce hotona bai yi ba, kashegari aka ce mai sa hannu ya tashi. Laraba mai gida ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce haya ta ƙaru daga wata mai kamawa. A daren kuma ƙanwata ta kira daga Zariya, wai hawan jinin Inna ya tashi an kwantar da ita. An sallame ta jiya da safe, jiki da sauƙi sosai, kada hankalin kowa ya tashi.

Kun san a nan Masar Alhamis ce ƙarshen mako. Jiya bayan la'asar ina zaune a matakalar bene na zabga tagumi, sai ga maƙwabcina, wani dattijo Bamisire da ya yi ritaya daga koyarwa, Ammu muke ce masa. Ya dube ni ya ce fuskar nan ba ta mai lafiya ba ce. Yana da tikiti biyu na gidan ofera, matarsa gwiwa ta hana ta fita, in tashi in raka shi. Na ce ban taɓa zuwa ba, ban ma san me ake yi a ciki ba. Ya ce shi ya sa. Ya ara mini kwat da laktaye, don babban zauren ba a barin namiji ya shiga babu su. Muka yi isha'i, muka shiga metro, jirgin ƙasa na cikin gari, daga Abbasiya, muka canja a Ataba, muka sauka a tashar da ake kira Ofera a tsibirin Jazira.

Wasan da aka yi Aida ne, na Verdi, mai tsara kiɗa ɗan Italiya, da Italiyanci daga farko har ƙarshe. Ban tsinci kalma goma ba. Amma na fito wajen sha biyun dare, muka tako gadar Ƙasrun Nil da ƙafa, mai zakunan nan, ina jin ƙirjina wasai. Na yi barcin da rabona da irinsa an fi wata. Har yanzu ina mamakin abin, shi ya sa na kawo muku.

Auta:
Yaya ni fa da na ga kan maganar na ɗauka Opera Mini ce ta ba ka data kyauta 😂 Allah ya ƙara wa Inna lafiya. Amma don Allah a turo mana hoton laktaye, ba za mu yarda da labarin baka ba.

Hajiya Yaya:
Kai Auta ba ka da dama. Baban Hanan sannu da fama, Allah ya ba Inna lafiya mai ɗorewa. To mu 'yan ƙauye a yi mana bayani. Waƙa ce ko wasan kwaikwayo?

Baban Hanan:
Amin Hajiya, na gode. Duka biyun ne a haɗe. Wasan kwaikwayo ne da labari da kayan ado da komai, sai dai babu magana, duk abin da za a faɗa rera shi ake yi. Ko faɗa ake yi da waƙa ake yinsa. Makaɗan suna cikin wani rami a gaban dandamali, kusan ba ka ganinsu, sai madugunsu da 'yar sandarsa. Yawancinsu masu goge ne irin na Turawa, manya da ƙanana, sai masu busa da masu ganguna.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne babu makirufo a bakin kowa. Zauren yana cin mutum wajen 1,200, mu muna can sama a kujerun masu araha, amma mace ɗaya za ta buɗe baki muryarta ta ratsa duk waɗannan makaɗa ta iso kunnenka tsaf. In kuma ta sassauta, kamar zare, zauren ya yi tsit har kana jin numfashin na kusa da kai.

Labarin Ammu ya ba ni a metro. Aida 'yar sarkin Habasha ce da aka kamo a yaƙi, tana bauta a fadar Fir'auna, ba wanda ya san 'yar sarki ce. Ita da sarkin yaƙin Masar, Radames, suna son juna a ɓoye. 'Yar Fir'auna, Amneris, wadda Aida ke yi wa hidima, ita ma shi take so. Sai aka tura shi ya yaƙi ƙasar su Aida, ya ci nasara, ya dawo da fursunoni, cikinsu har da mahaifinta. Uban ya matsa mata ta jiyo masa hanyar da rundunar Masar za ta bi. Radames ya yi suɓutar baki, aka kama shi da cin amanar ƙasa, aka yanke a rufe shi da rai a ƙarƙashin ƙasa. Da aka ja dutse aka rufe, sai ya tarar ta riga shi shiga, ta ɓuya tana jiransa.

Maman Ihsan:
Innalillahi. Wannan ne ya wanke maka zuciya? An binne mutum biyu da rai kai kuma ka koma gida ka yi barci mai daɗi? Baban Hanan anya ba gajiya ce kawai ta kada kai ba?

Malam Na Gwale:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Inna lafiya, ya sa kaffara ne. Ɗan'uwa, ina maka magana ne don ƙauna, kada ka ɗauke ta wani abu. Ka bar gida ka tafi ƙasar Azhar neman ilimi. Baƙin ciki ya same ka, ga Alƙur'ani, ga masallatan da mutane ke biyan kuɗin jirgi don su gani, sai ka tafi zaman goge da muryar mata, a wasan da ake nuna fadar Fir'auna da masu bautar gumaka? Kuma ka zo kana faɗa a bainar jama'a, yara irin su Auta suna karantawa. Da ka yi shiru da ya fi.

Auta:
Malam shekarata 27 fa.

Baban Hanan:
Malam na gode da nasiha, kuma na san don Allah ka yi. Ban bar salla ba, ban bar addu'a ba, daren Laraba a kan darduma na kwana saboda Inna. Maganar kiɗa kuwa kai ka fi ni sani cewa malamai sun yi saɓani tun da can. Mafi yawa sun tsananta, irin su Imam Gazali da Ibn Hazm sun sassauta, a nan Masar ma akwai manyan malamai a kowane ɓangare. Ba fatawa na zo bayarwa ba, ba ni da wannan matsayi. Abu ɗaya kawai zan gyara: wasan bai yabi bokayen fada ba. Su ne suka yanke hukuncin kisa, kuma 'yar Fir'auna da kanta ta tsaya tana tsine musu a ƙofar da suka shiga.

Malam Na Gwale:
Saɓani ba lasisi ba ne. Wanda ya guje wa shubuha ya tsira da addininsa. Na faɗi nawa, Allah ya shirye mu baki ɗaya.

Hajiya Yaya:
Amin. Malam an ji, kuma an gode. Wannan muhawara an yi ta a zauren nan lokacin bikin 'yar Dakta har mutum biyu suka fita, ba za mu sake ta yau ba. Wanda ya ga bai dace da shi ba ya wuce. Ni tambayar Maman Ihsan nake son a amsa.

Baban Hanan:
Maman Ihsan, nima na yi wa kaina wannan tambaya. Ga yadda abin ya faru.

Kashi biyu na farko ina kallo ne kawai kamar baƙo a kasuwa. Hankalina rabi yana kan babi na uku. Wurin da aka yi bikin dawowar mayaƙa ne na fara farkawa, domin sai ga mutane sun fito da wasu dogayen ƙahonin ƙarfe miƙaƙƙu suna busawa. Wallahi tsigar jikina ta tashi, na ce yau ga kakaki a Alƙahira. Ba su kai namu tsawo ba, amma aikin ɗaya ne, sarki ya fito, kowa ya sani. Na tuna ina yaro Baba yana ɗora ni a kafaɗa ranar hawan salla a ƙofar fada.

Amma inda aka kama ni a kashi na uku ne. An rage fitila, dare ne a bakin kogin Nilu, Aida ita kaɗai. Wani abin busa mai siririyar murya, kamar algaita da aka koya wa ladabi, ya fara, sai ta bi shi. Ammu ya raɗa mini cewa ƙasarsu take tunawa, tana cewa ba za ta ƙara ganinta ba. Shi ke nan abin da ya faɗa. Ban buƙaci fassara ba. Shekarata uku rabona da gida. Duk makon nan ban yi kuka ba, ko da ƙanwata ta kira, domin ni ne babba, ni ake kira a ji abin yi. A kujerar nan cikin duhu, ba wanda ya san ni, ba wanda zai ce namiji ne kai, hawaye suka ɓalle. Ammu bai ko juyo ba, ya dai miƙo mini hankici.

Kukan da na riƙe tun Laraba ne ya sami hanya. Ina ga da wasan ban dariya ne da ban amfana ba, da na yi ta yaƙe na fito da kayana yadda na shiga da su.

Hajiya Yaya:
To ai ni yanzu na gane, kuma wannan ba sabon abu ba ne. Kakata in tana niƙa a kan dutse waƙa take yi, ba ta daɗi ba. Kishiya, 'ya'yan da suka mutu, garinsu da aka rabo ta da shi tana yarinya. Tana yi hawaye na ɗiga, in ta gama ta share fuska ta ɗora tuwo tana tsokanar mu. Muna yara muna cewa Goggo me aka yi miki, ta ce ba komai, niƙa nake. Yanzu inji ya karɓe niƙan, ban san inda mata ke kai nasu ba.

Maman Ihsan:
WhatsApp suke kaiwa Hajiya 😅 Amma na karɓi maganar. A wurin aikinmu in an yi rashi a ɗakin da nake, sai na shiga mota na kulle ƙofa nake iya yin nawa. Sai dai ni ina da wani zargi daban. Baban Hanan, yaushe rabonka da ka yi awa uku waya tana kashe?

Baban Hanan:
Kin kama ni. Ban tuna ba. Da hutun da ake yi a tsakani ma an fi awa uku.

Dakta Maraɗi:
Ina wuninku. Ni abin da nake so in ce wa masu ganin abin baƙo ne, mu fa mun girma da finafinan Indiya, daga baya na Kano suka ɗauka. Ana cikin labari sai a ɓarke da waƙa, ba wanda ya taɓa cewa hauka ne. Kuma tsofaffinmu a Maraɗi suna kuka a fim ɗin Indiya ba su jin kalma guda. In ban manta ba wannan Aida ai don bikin buɗe mashigin Suez aka rubuta ta, ko?

Kawu Sule:
Dakta, mutane da yawa haka suke faɗa, amma ba haka ba ne. Bari tsoho ya sa baki, don ina karatu a Alƙahira aka buɗe ginin da yaron nan ya shiga.

Gidan ofera na farko sarkin Masar na lokacin Khidiwi Isma'il ne ya gina shi, shi ne don bukukuwan Suez. An buɗe shi ranar 1 ga Nuwamba 1869, mashigin kuma ranar 17 ga watan. Wani wasan Verdi na daban aka yi a daren, Rigoletto. Aida daga baya aka nema. Wani Bafaranshe masanin kayan tarihin Masar, Mariette, shi ya kawo ƙashin labarin, aka biya Verdi faran 150,000 na kuɗin Faransa. Sai yaƙin Faransa da Furushiya ya ɓarke a 1870, aka yi wa Paris ƙawanya, tufafin wasan da kayan dandamali suka maƙale a can. Sai ranar 24 ga Disamba 1871 aka fara nuna ta a Alƙahira. Shi Verdi ko zuwa bai yi ba, ya jira aka yi a Milan a Fabrairun 1872.

Wancan gini yawancinsa katako ne. Ranar 28 ga Oktoba 1971 gobara ta cinye shi ƙurmus, saura wata biyu Aida ta cika shekara ɗari. In ka je kusa da Ataba har yau sunan wurin Dandalin Ofera, amma abin da ke tsaye a filin garejin motoci ne mai hawa-hawa. Shekara 17 birnin ya yi babu gidan. Na yanzu Japanawa ne suka ba da kuɗin gina shi, aka buɗe a Oktoban 1988. Mu ɗalibai a lokacin sai dai mu wuce ta gada mu hango. Kuɗin ful da burodi ma da ƙyar, wa ke maganar kwat. Har na gama na dawo ban taka ciki ba, ga shi ɗana ya shigar mini.

Dakta Maraɗi:
Na gode Kawu, an gyara mini. Da ma a bakin wani malaminmu na ji a lakwal.

Zainab Tudun Wada:
Ku yi haƙuri zan ɗan zuba ruwa a wutar. Yaya, na ji daɗi da ka samu sauƙi, da gaske. Amma kai baƙar fata, ka zauna kana kallo an jawo Habashawa a ɗaure ana busa ƙaho ana murna, bai sosa maka rai ba? Baturen Faransa ya tsara, Baturen Italiya ya sa kiɗa, sarkin da ke son a ce ƙasarsa Turai ce ya biya. Kuma shekara da shekaru Turawa suna shafa baƙin kwalli a fuska su fito a matsayin Aida. Ko a 2022 an yi rigima a kan haka a Verona ta Italiya, har wata mawaƙiya baƙar fata 'yar Amurka, Angel Blue, ta fasa wasan da za ta yi a can.

Kawu Sule:
'Yata ba ki yi ƙarya ba, bari ma in ƙara miki. Shi Isma'ilun, shekara huɗu bayan an tafa wa Masar ta cinye Habasha a dandamali, ya tura runduna ta gaske. Habashawa suka karya su a Gundet a 1875, suka sake karya su a Gura a 1876. A 1875 ɗin bashi ya sa ya sayar wa Ingila hannun jarinsa na Suez a kan fam miliyan huɗu. A 1879 aka tuɓe shi, 1882 Ingila ta shigo ta zauna. Don haka ni in na ji labarin wurin busa ƙahon nan dariya nake yi.

Baban Hanan:
Zainab, ya sosa. Da aka shigo da fursunonin na ɗan duba hagu da dama, ina jin ni kaɗai ne mai irin fatata a layinmu. Ba zan ɓoye ba. Amma ki lura da wa aka ba waƙar da ta fi kowace taɓa zuciya. Masu nasara sun samu ƙaho da ganga, an yi hayaniya an wuce. Baiwar ce aka kashe wa fitila, aka sa mutum dubu suka yi shiru don su ji kewar gidanta. Kowa a zauren nan, har Misirawa, bayanta yake. Wannan bai wanke abin da kika faɗa ba. Ni dai a daren jiya a wurinta na ga kaina.

Zainab Tudun Wada:
Ban gamsu duka ba. Tausayin baiwa daban, 'yanta ta daban, a ƙarshe ai a rami ta mutu saboda namiji. Amma zan yarda da abu ɗaya: Leontyne Price, baƙar fata daga Mississippi, da wannan matsayi ta yi suna, kuma da shi ta yi bankwana da dandamalin ofera a New York a 1985. Na taɓa kallon bidiyon, ana ta tafi ta kasa motsi. Na sake kallo sau uku, kada ku gaya wa kowa.

Auta:
Mun ji kuma za mu faɗa.

Ɗan Zongo:
Gaisuwa daga Kumasi. Ni duk wannan tarihi ya fi ƙarfina. Tambayata nawa ne tikiti? Kar mutum ya je neman sauƙin rai ya dawo da ciwon aljihu, ga haya ta ƙaru.

Baban Hanan:
Hhh Ɗan Zongo ban biya ko sisi ba, na Ammu ne, kuma na ji kunyar tambaya. Abin da na kashe kuɗin metro ne da kushari kwano biyu da muka ci a hanyar dawowa, shi ma sai da muka yi kokawa kafin ya bari na biya.

Maman Ihsan:
Ni har yanzu ina ganin rabin maganin dattijon nan ne. Mutum ya gan ka a matakala ya gane ba ka da lafiya, bai tsare ka da tambaya ba, ya ɗaura maka laktaye ya ja ka. Ko gidan zu ya kai ka da ka ji sauƙi.

Baban Hanan:
Wataƙila rabi. Amma raƙumin dawa ba zai sa ni kuka ba.

Malam Na Gwale:
Ina nan ina karantawa. Ban sauya ra'ayi ba. Amma maƙwabcin nan naka ya san haƙƙin maƙwabtaka, ka riƙe shi. Kuma ka kira Inna yau bayan Juma'a, ka bar ta ta ji muryarka a sake.

Baban Hanan:
In sha Allah Malam, da na fito masallaci. Na ma buɗe babi na uku da safen nan. Abin haushi, mutumin yana da gaskiya a wurare da dama.

Hajiya Yaya:
Ka gaishe mana da ita. Kuma kwat ɗin mutane a kai wanki kafin a mayar, an sha hawaye a ciki.

Auta:
Yaya hoton laktaye dai. Tun safe nake jira.

Baban Hanan:
Babu hoto Auta, waya a kashe take. Ammu ne ma ya ɗaura mini, har yanzu ban kwance ƙullin ba, ta kai na zare shi don ban san yadda zan mayar ba.